Asma A Hayin Banki: Likita Na Turanci, Goggo Na Fulatanci, Tafinta Ɗan Makaranta

Da zarar hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe gadar Kawo, ma'aikatan asibiti da masu kemis a arewacin Kaduna sun san baƙin da ke tafe: masu mura, masu tari, da kuma waɗanda ƙirjinsu ke kuka kamar an danne 'yar kyanwa, suna jan numfashi da ƙyar. Waɗannan na ƙarshe su ne masu asma. Da wuya a rasa makarantar da ba ta da ɗalibin da ake ɗauke wa sharar safe, ko ake bari ya zauna a gindin bishiya lokacin guje-guje, saboda ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya, kuma ta yi ajalin mutum 455,000 a wannan shekarar, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu. A Najeriya, binciken da Dakta Obianuju Ozoh ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya ƙiyasta masu ita da kimanin miliyan 13. Abin takaicin shi ne, asma ba ta cikin cututtukan da suka gagari likitoci. Ba a raba mutum da ita kwata-kwata, amma akwai magungunan da ke kwantar da ita har ya yi karatu, ya buga ƙwallo, ya tsufa lafiya. Idan ta yi kisa, yawanci wani abu ne ya shiga tsakanin mai ita da maganin. Kowa ya san na farko, wato kuɗi. Mu na biyun muke son dubawa a wannan makon, domin ba a cika magana a kansa ba, kuma ya shafe ku ɗalibai kai tsaye: yare.

Ba kowa ne Bahaushe ba a Hayin Banki

Hayin Banki ɗaya ce daga mazaɓu 12 na Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, maƙwabciyar Kawo. Wanda ya shiga unguwar Hausa zai ji ta ko'ina, a majalisa, a shago, a layin ɗiban ruwa. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, da suka sa mutanen Kaduna da yawa sauya unguwa, sai aka riƙa ɗauka cewa duk wanda ke arewa da kogi Bahaushe ne. Ba haka ba ne. Gbagyi na zaune a wannan ƙasa tun kafin Turawan mulkin mallaka su maido hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, daga baya kuma jirgin ƙasa da barikin soja da masaƙu suka jawo mutane daga kowane lungu: Nupawa, Yarbawa, Barebari, Igala, Ibira, Ibo, da al'ummomin kudancin jihar irin su Bajju, Atyap, Adara da Ham.

'Ya'yan waɗannan da jikokinsu sun iya Hausa, wasu ma da ita suka buɗe baki. Ba a wurinsu matsalar take ba. Tana ga tsofaffi da sababbin zuwa, kuma Kawo ƙofar gari ce, a nan motocin Zariya da Kano da Katsina ke sauke fasinja. Akwai matan Fulani da ke shigowa daga ruga da ƙwaryar nono. Akwai iyalan da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Birnin Gwari da Igabi da Chikun suka raɓe wurin 'yan uwa, da Barebarin da rikicin Borno ya kawo, da Buzaye da Zabarmawa daga Nijar masu gadi da ƙananan sana'o'i. Akwai kakar da aka ɗauko daga ƙauye don ta ga likita, wadda iyakar Hausarta gaisuwa da ciniki. Kada kuma a manta da kurame, waɗanda yarensu maganar hannu ne. Har makarantarsu akwai a Kawo.

Hausar kasuwa daban, ta asibiti daban. Mace za ta sayar da nono ta yi lissafin canji ba kuskure, amma ta kasa bambanta "ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora dutse" da "ƙirjina na suka", alhali a wurin likita waɗannan hanyoyi biyu ne da ke kai wa ga cututtuka daban. A ɗaya ɓangaren kuma, da Turanci ake koyar da aikin likita a jami'o'in Najeriya, da shi ake rubuta kati da takardar magani. Tun da aka kafa tsarin yi wa ƙasa hidima a 1973 ake turo matasan likitoci daga Kudu zuwa Arewa, wasunsu ranar da suka sauka Kaduna suka fara zama da Hausawa. Ba laifinsu ba ne, kuma da yawansu suna ƙoƙari, kafin shekara ta zagayo sun iya "ina ke ciwo?" da "buɗe baki". Sai dai asma ta fi ƙarfin "ina ke ciwo?"

Cutar da ake ganowa da labari

Zazzaɓin cizon sauro, ɗigon jini ya isa a gano shi cikin 'yan mintoci. Karaya, hoto zai nuna. Asma ba haka take ba. Abin da ke faruwa shi ne ƙananan hanyoyin iska da ke cikin huhu suna kumbura daga ciki, tsokar da ke zagaye da su ta ɗaure, majina mai kauri ta taru, sai iska ta riƙa kutsawa ta ƙuntatacciyar hanya. Shi ne ƙarar nan da ake ji kamar fito. Amma cutar zuwa take yi ta tafi. Yaron da ya kwana zaune yana haki da ƙarfe 3 na dare zai iya isa gaban likita da hantsi ƙirjinsa wasai, a saurara ba a ji komai ba, hoton ƙirji ma ya fito lafiya lau. Akwai na'urar da ake hurawa ta auna ƙarfin huhu, amma a manyan asibitoci aka fi samunta.

Don haka likita da tambaya yake aiki. Tarin da dare ya fi tsanani ko da rana? Yana tayar da kai daga barci? Sau nawa a mako? Yana zuwa bayan gudu ko dariya? Me ake yi a gida lokacin da ya taso: shara, turaren wuta, girki da itace ko gawayi, an kunna maganin sauro, an fesa fiya-fiya, an ƙona bola, an tada janareta a gindin taga? Akwai kyanwa ko kyankyasai a ɗaki? Akwai mai irinsa a dangi? Ka taɓa shan asfirin ko wani maganin ciwon jiki ka ji numfashi ya sarƙe? Idan tambayoyin nan ba su isa kunnen mara lafiya yadda suke ba, ko amsarsa ba ta dawo yadda ya faɗe ta ba, kalma ɗaya ce za ta rage a hannun likita, "tari". Sai a rubuta maganin tari da na kashe ƙwayoyin cuta. Bayan wata guda a dawo, a sake rubuta irinsu, ana ta kashe kuɗi a kan cutar da ba a ambaci sunanta ba.

Wani bincike da aka wallafa a 2024, wanda aka yi kan 'yan makaranta sama da 27,000 a birane shida na Afirka, har da Legas da Kumasi, ya gano cewa a cikin masu alamomin asma, kusan takwas cikin goma ba wanda ya taɓa gaya musu sunan cutarsu. Ba kan yare aka yi binciken ba, amma ya nuna yadda asma ke sulluɓewa ko a manyan birane. To ina ga wadda ba ta jin abin da ake tambayarta?

Kalma ɗaya, cuta biyu

Ko tsakanin Bahaushe da Bahaushe akwai tarko. Tsofaffinmu "fuka" suke kiran asma. A rediyo da allunan asibiti kuwa, "tarin fuka" na nufin tibi. Cututtuka ne biyu da ba abin da ya haɗa su sai huhu. Tibi ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana ɗaukarta ta iska, ana gano ta da gwajin kaki, ana shan magani na wata shida kyauta a warke. Asma ba a ɗaukarta, ko da ɗaki ɗaya ake kwana, kofi ɗaya ake shan ruwa. Iyaka dai takan bi jini a wasu gidaje.

Ku ɗauka likita ya ce asma, ma'aikaciyar jinya ta ce fuka, jika ya isar wa kakarsa da yarensu, da kalmar da ya sani mafi kusa, wato ta mugun tari. Kafin a isa gida labari ya zama tibi. A ware wa yarinya kofi da cokali, ƙawaye su ja baya a aji, idan budurwa ce a fara raɗe-raɗi a gidan masu neman aure, uwa kuma ta ɓoye maganin a ƙasan akwati kada maƙwabta su gani. Akasin haka ma na iya faruwa, kuma ya fi haɗari: mai tibi ya ji "tarin fuka" ya ɗauka fukar gado ce irin ta kakansa, ya koma ga jiƙe-jiƙe yana yaɗa cutar a ɗaki. A ganinmu gara a bar kalmar fuka a gida. A asibiti a ce asma, a ce tibi, kowa ya san inda ya dosa. Duk tarin da ya kai mako biyu kuma, musamman da rama ko zufar dare ko jini a kaki, a je gwajin tibi, kada a ce ai asma ce.

Sai kuma "da sauƙi". Kowa ya san idan aka ce wa mara lafiya "yaya jiki?" amsa ɗaya ce, ko da numfashinsa na fita da ƙyar: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ladabi ne da tawakkali, ba rahoton asibiti ba. Likitan da ya koyi Hausa jiya zai iya ɗaukar ta yadda take, ya rubuta a kati cewa jiki ya yi kyau. A wurin Fulani abin ya fi ƙarfi, domin fulaku ya hana mutum nuna raki, balle a gaban baƙo ko suruki. Haka "to" da gyaɗa kai. Ba kullum suke nufin an gane ba. Sau da yawa mutum na gudun ɓata wa likita lokaci ne, ko kunyar a ce bai waye ba.

Abin da ke zubewa a hanya

A yawancin asibitocinmu babu ma'aikacin da aka ɗauka takanas don tafinta. Wanda aka samu shi ke yi: ma'aikaciyar jinya idan tana da sarari, mai shara, mai gadi, wani mara lafiyar da ke layi, ko kuma yaron gida da aka hana zuwa makaranta ranar saboda "shi ya iya Turanci". Mun tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun taɓa yin wannan aiki ba tare da sun san sunansa ba.

Mu ɗauki misali. Ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya rako goggonsa da ta zo daga ruga. Likita ya ɗaga inhela biyu, wato maganin nan da ake fesawa a baki a shaƙa, ya yi bayani da Turanci: wannan mai ruwan ƙasa ta shaƙa safe da dare, kullum, ko tana jin garau, ta kuskure baki bayan ta gama, wannan shuɗin kuma sai numfashi ya sarƙe, idan kuma ta ga tana bukatarsa fiye da sau biyu a mako ta dawo. Yaro ya juya ya ce mata da Fulatanci: "Goggo, ya ce ki riƙa shaƙa wannan safe da dare, wannan kuma idan abin ya tashi." Bai yi ƙarya ba. Amma "ko tana jin garau" ta zube a hanya, kuskure baki ta zube, dalilin dawowa ma ya zube. Goggo ta gyaɗa kai.

Abin da zai biyo baya ba boyayye ba ne. Shuɗin, wanda yawanci salbutamol ne, irin Ventolin, yana sassauta tsokar da ta ɗaure cikin 'yan mintoci, mutum ya ji kamar an buɗe masa taga. Amma ba ya taɓa kumburin da ke ciki. Mai ruwan ƙasar shi ke rage kumburi, shi kuwa ba a jin komai lokacin da aka shaƙe shi, sai an yi kwanaki ko makonni ana yi kafin amfaninsa ya bayyana. Duk mai hankali da ba a yi masa bayani ba zai yanke cewa shuɗin ne magani na gaske, ɗayan ɓarnar kuɗi ne. Sai ta ajiye shi. Kumburi ya ci gaba a ɓoye, har daren da shuɗin zai kasa. Saboda wannan haɗari ne GINA, ƙungiyar masana da ke fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta sauya shawararta a 2019, ta ce kada a bar manya da matasa a kan shuɗin kaɗai, a haɗa musu da mai rage kumburi. Ko launin ma ba abin dogaro ba ne, domin kamfanoni kan bambanta. Sunan da ke jiki da aikinsa ya kamata a sani.

Akwai kuma abin da yaro ba zai faɗa ba ko ya iya yaren biyu kamar ruwa. Ɗan shekara 13 ba zai dubi goggonsa ya tambaye ta ko tana da juna biyu ba. Ba zai gaya wa likita cewa babansa na shan taba a ɗaki, ko yayansa na busa shisha, alhali suna tsaye a wurin ba. Idan Inna ta ce an gwada wani jiƙo ko hayaƙi a gida, mai yiwuwa ya haɗiye maganar don kada likita ya yi faɗa. Idan kuma abu ya lalace daga baya, shi za a kalla.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba, kuma inda aka auna ta sakamakon ya ba da tsoro. A Amurka, likitan yara Glenn Flores da abokan aikinsa sun naɗi ganawa 13 tsakanin likitoci da iyalai masu jin Sifaniyanci, suka wallafa a 2003. Sun ƙirga kurakuran fassara 396, wato kusan 31 a kowace ganawa, kuma wanda ya fi yawa shi ne tsallake magana, irin na yaronmu da goggonsa. Idan tafintan na haye ne, ɗan uwa ko wanda aka tsinta, kashi 77 cikin 100 na kurakuransa na iya shafar lafiyar mara lafiya. Na tafintan asibiti kashi 53. A jihar Filorida kuwa, a 1980, an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume, danginsa suka yi amfani da kalmar Sifaniyanci "intoxicado", suna nufin ya ci wani abu da ya ɓata masa jiki. Aka ɗauka suna nufin ya yi maye. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gane, hannuwa da ƙafafunsa sun shanye, aka ƙare da yarjejeniyar diyya ta kimanin dala miliyan 71.

Magani mai tsada da ke ƙarewa a kan harshe

Masu ba da magani a ƙasar nan sun daɗe da samo dabara ga wanda bai iya karatu ba: a zana sanda ɗaya, ɗaya, ɗaya a jikin ambulan, safe, rana, dare. Ga ƙwaya dabarar ta yi. Ga inhela ba ta isa ba, domin babu zanen da ke nufin "sai in abin ya taso", kuma ita ba haɗiya ake yi ba, hannu da numfashi ne sai sun daidaita. A girgiza ta, a fitar da numfashi, a rufe leɓe a bakinta, a danna daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, a riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. Wanda ya danna sannan ya tuna da jan iska, maganin a harshe da maƙogwaro ya tsaya. Takardar da ke cikin kwali ta yi bayanin duk wannan, da Turanci, da ƙananan haruffan da ko mai digiri sai ya ƙanƙance ido.

Ga shi kuma abin ba arha ba. Tun da kamfanin GSK, mai yin Ventolin da Seretide, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Najeriya, ga faɗuwar darajar naira, farashin inhela ya ninka har ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Iyalin da suka sayar da akuya suka saya, sannan rabin maganin ya ƙare a kan harshe, sun yi asara biyu. Daga nan ne ake jin "inhela ba ta yi mini aiki", a koma ga ƙwaya da sirof da allurar kemis. Akwai kuma camfin cewa wanda ya fara inhela ya kamu ke nan, ko sai ciwo ya kai gargara ake ba da ita. Ba gaskiya ba ne. Maganin da aka shaƙa kai tsaye yake zuwa huhu, ɗan kaɗan ya isa, shi ya sa illarsa ba ta kai ta ƙwayar da ke zagaya jiki duka ba.

Akwai abin da ke sauƙaƙa shaƙar, wata 'yar gora da ake maƙala inhela a gindinta a shaƙa ta bakinta, ma'aikatan asibiti na kiranta sifesa. Farfesa Heather Zar ta Afirka ta Kudu da abokan aikinta sun nuna tun 1999 cewa robar lemo mai cin rabin lita, idan aka huda gindinta daidai bakin inhela, tana aiki kamar ta kanti. Amma ma'aikacin lafiya ya kamata ya nuna yadda ake yi, da hannu, a gaban mara lafiya. Wannan darasi ɗaya ne da ba ya bukatar yare sosai: likita ya yi, Goggo ta kwaikwaya, ya gyara mata.

Doka ta riga ta yi magana

Mutane da yawa suna ɗauka alfarma ce idan aka tsaya aka yi musu bayani da yarensu. Haƙƙi ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya sanar da mara lafiya halin da yake ciki da hanyoyin magani, da yaren da yake ji, tare da la'akari da iya karatunsa. Sashe na 20 ya hana a ƙi karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ma ya jaddada wannan batu na yare.

Daga takarda zuwa bencin asibiti akwai tafiya. Mai asma daga Hayin Banki zai iya farawa daga ƙaramin asibitin unguwa, a tura shi Babban Asibitin Kawo, daga nan Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, wani lokaci har Shika a Zariya. A kowane mataki sai ya sake ba da labarinsa daga farko ga sabon mutum, ta bakin sabon tafinta. Jihar Kaduna tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, da ke rage wa waɗanda suka yi rajista nauyin kuɗin asibiti, amma wanda ba ya jin yaren da aka yi sanarwa da shi bai ma san da ita ba. Ba ma jin gyaran na bukatar biliyoyi. Kwamitin ci gaban mazaɓa da ke aiki da asibitin unguwa zai iya tattara sunayen manya amintattu, maza da mata, masu jin Fulatanci, Gbagyi, Barbarci, Zabarmanci da maganar hannu, a liƙa lambobinsu a ɗakin ganin likita. A kati kuma, kusa da suna da shekaru, a ƙara layi ɗaya: yaren da mara lafiya ya fi ji.

Idan kai aka ɗauko

Mun fi son a ce babba ne ke yin tafinta, ba ɗalibi ba. Amma mun san gobe ma za a ɗauko wani daga cikinku, don haka ga abin da zai taimaka. Ka faɗi duk abin da aka faɗa, kada ka taƙaita, kada ka gyara. Ka roƙi likita ya riƙa yi jimla ɗaya-ɗaya. "Likita, don Allah a maimaita a hankali" ba rashin kunya ba ne. Idan Baba ya ce "da sauƙi", ka isar, sannan ka ƙara da abin da idonka ya gani: dare nawa ya kwana zaune a makon nan. Idan aka zo tambayar da ta fi ƙarfinka, ki ce ko ka ce a kira Sista ko wata babbar mace. Kafin ku tashi, mara lafiya ya maimaita da bakinsa wanne ne na kullum, wanne ne na gaggawa, ya kuma shaƙa a gaban ma'aikaci. Da izinin likita, a naɗi bayanin a waya da yaren gida, domin saƙon murya ba ya mantuwa kamar kan yaro.

Lokacin da asma ta taso da ƙarfi, mai ita ba ya iya magana da kowane yare. Wannan ma alama ce: idan ya kasa ƙarasa jimla, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko cikin leɓe da harshe sun sauya launi zuwa toka-toka, ko ya fara gyangyaɗi, ko ƙarar ƙirjin ta ɗauke alhali yana ta fama, ba lokacin jiƙo ba ne. A zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar, kada a taru a kansa, kada a ɗura masa ruwa. A ba shi shuɗin, fesa ɗaya-ɗaya, a bar rabin minti zuwa minti ɗaya tsakani, har zuwa goma, ta gora idan akwai, ana yi ana neman Keke Napep zuwa asibiti mafi kusa. Ko ya ji sauƙi a hanya, a ƙarasa.

Saboda irin wannan rana muke ba da shawarar ɗan kati a aljihu ko jakar makaranta, da Turanci da Hausa, da boko ko ajami: suna, "ina da asma", sunayen magungunan, abin da ke tayar da ita, lambar wanda za a kira, da yaren da mai katin ya fi ji. Ƙungiyar lafiya ko ta Red Cross a makaranta za ta iya rubuta irinsa cikin awa ɗaya, ga ɗalibai da kuma iyayensu da kakanninsu. Malaman aji su san wa ke da inhela, kuma a bar ta a hannun mai ita, kada a kulle a ofishin da makullinsa ke aljihun wanda ya tafi kasuwa.

Ana bikin Ranar Asma ta Duniya ranar Talatar farko ta watan Mayu. A Kaduna lokacin damina na shirin sauka, ƙura ta kusa kwantawa. Makarantun Hayin Banki da Kawo da ke son yin wani abu, a watan Oktoba ya kamata su rubuta katunansu, kafin hazon Nuwamba ya iso.